Saƙo na shigowa amma ba ya fita tun da na koma Windows 11

Akantan Singa, Litinin 9:14 na safe
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana kwamfuta ku kawo mini ɗauki. Ranar Asabar na kai laftof ɗin ofis wurin mai gyara ya ɗora mini Windows 11, tunda daga 14 ga Oktoba 2025 an daina tallafa wa Windows 10. Ya kuma cire tsohon faifan ajiya ya sa mini SSD, wato sabon nau'in faifai mai sauri. Kwamfuta ta yi sauri, ba ni da ƙorafi a nan. To yau da safe na buɗe Outlook, saƙonni suna shigowa lafiya ƙalau, amma nawa ko ɗaya bai fita ba. Guda 11 ne jibge a Outbox. Idan na danna aikawa sai ya yi ta juyi kusan minti guda, sannan ya kawo 0x80042109, wai ya kasa kaiwa ga sabar fita, wato kwamfutar kamfanin imel da ke fitar da saƙonni. Imel ɗin na kamfaninmu ne, ba Gmail ba. Akwai takardar farashin shinkafa da man girki da za mu tura wa wata makarantar kwana kafin azahar ɗin Laraba. Alhaji ya leƙo ofishina sau 2 tun safe, bai ce komai ba, amma na san abin da ya kawo shi.

Yaro Mai Waya, 9:20
Wa alaikumus salam Yaya. Ka koma Windows 10 kawai ka huta. Akwai wurin da ake komawa a cikin saiti, minti 20 an gama.

Tsohon Hannu Zariya, 9:26
Ɗana, ka karanta abin da ya rubuta da kyau. An canza faifai, an zuba sabon Windows daga tushe. Komawa baya tana yiwuwa ne idan a kan tsohon aka ɗora sabon, kuma cikin kwana 10. Shi ba shi da inda zai koma.

Hajiya Mai Biza, 9:31
Malam Akanta, kafin masana su gama bincike, ka fara kashe wutar da ke gabanka. Ba ku da shafin da kuke shiga imel ɗin ta burauza? Ka shiga ta can ka tura takardar makarantar yanzu, gyara ya biyo baya. Ni aikina na tikiti da biza ne, na san zafin saƙo ya maƙale lokaci yana tafiya.

Akantan Singa, 9:48
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wallahi sam hankalina bai kai can ba. Na shiga ta burauza, na tura, har sun amsa cewa sun gani. Yanzu numfashina ya dawo. Amma dole a gyara Outlook ɗin, duk aikina a cikinsa yake.

Injiniyan Saba, 10:02
Madalla. Shawarar Hajiya ta rage mana rabin aiki. Tunda ta burauza saƙo ya fita, kalmar sirrinka daidai take, akwatinka bai cika ba, sabar kamfanin da ke riƙe muku imel kuma tana raye. Saura abin da ke tsakanin laftof ɗinka da sabar.

Abin da ke rikita mutane shi ne suna ɗauka imel hanya ɗaya ce. Hanya biyu ce, kowace da saitinta. Karɓa tana bi ta IMAP ko POP, aikawa tana bi ta SMTP. Kamar shago ne mai ƙofar shigo da kaya ta baya da ƙofar sallamar kwastoma ta gaba: don ta baya a buɗe take ba ya nufin ta gaba ma haka.

Ka duba mini abu 4 ka rubuto: sunan sabar fita, lambar ƙofarta, irin kullen da aka zaɓa, da kuma ko an sa alama a akwatin da ke cewa "My outgoing server requires authentication". Kada ka turo kalmar sirri, kuma idan hoton allo za ka ɗauka ka rufe adireshinka.

Akantan Singa, 10:15
Injiniya, na shiga wurin asusu na danna gyara, amma ban ga wannan akwatin da kake faɗa ba. Shafin ba kamar yadda na saba gani ba ne.

Injiniyan Saba, 10:19
Tsaya tukuna, wane Outlook ne? Yanzu iri biyu ne a Windows 11. Akwai sabon da ya gaji manhajar Mail, wadda aka daina tallafa wa a ƙarshen 2024, akwai kuma na gargajiya da ke zuwa da Office. Idan ka danna File a saman hagu ka ga Office Account a ciki, na gargajiya ne.

Akantan Singa, 10:21
Akwai Office Account.

Injiniyan Saba, 10:25
To rufe shi. Buɗe Control Panel, nemi Mail, shiga Email Accounts, danna asusunka sau biyu. A nan tsohon shafin yake. Za ka ga More Settings a ƙasa ta dama. A cikinsa ka duba Outgoing Server da Advanced.

Tsohon Hannu Zariya, 10:33
Kafin ya dawo bari in faɗi abin da na gani da idona. A 2015 da aka fara ƙaura zuwa Windows 10, kwamfutoci kusan 6 aka kawo mini da irin wannan ciwon, karɓa lafiya, aikawa babu. Maganin duka ɗaya ne: a buɗe Command Prompt da ikon admin a rubuta sfc /scannow, ya gyara fayilolin tsarin da suka sami matsala, a sake kunna kwamfuta. Ya gwada, ba ya cin kuɗi.

Injiniyan Saba, 10:40
Baba, gaskiya ne an yi wannan, ni ma na tuna. Amma lambar wancan lokacin 0x800CCC13 ce, kuma yana faruwa ne idan a kan tsohon Windows aka ɗora sabon. Nasa sabon zubi ne a faifai fil, lambar ma daban. Ba zai cutar da shi ba, sai dai ina jin zai ɓata rabin awa ne a banza.

Tsohon Hannu Zariya, 10:43
Ka fi ni riƙe lambobi. Mu ji abin da zai kawo.

Akantan Singa, 10:52
Ga su. Sabar fita: smtp sai ɗigo sai sunan kamfaninmu. Ƙofa: 25. Kulle: None. Akwatin nan kuma babu alama a cikinsa. Ta shigowa kuwa mail sai ɗigo sai sunan kamfani, IMAP, 143. Na kira mai gyaran, ya ce shi bai ƙirƙiri komai ba, abin da ke rubuce a littafin da na ba shi ya kwafa. Kuma gaskiyarsa ne. Littafin yana gabana yanzu, wani tsohon leja ne mai baƙin bango da muke rubuta irin waɗannan abubuwa a bayansa. Shafin har ya yi ja, kwanan watan da ke sama 2016.

Injiniyan Saba, 11:04
To an kama ɓarawo. Windows 11 ba shi da hannu a nan. An zuba wa sabuwar kwamfuta saitin da ya shekara 9.

Ƙofa ta 25 asali ta sabobi ce, su miƙa wa juna saƙo. A da mutane ma suna bi ta nan, har masu aika tarkacen saƙonni da kwamfutocin da ƙwayar cuta ta kama suka mayar da ita hanyarsu. Shi ya sa kamfanonin intanet da yawa suke toshe ta ga kwastomominsu. Saƙonka ba ya ma isa sabar balle a ƙi shi, shi ya sa yake ta juyi kafin ya haƙura.

Idan kana son gani da idonka, buɗe PowerShell ka rubuta Test-NetConnection, sarari, sunan sabar, sarari, -Port 25. Ka duba layin ƙarshe. Sannan ka maimaita da 587.

Akantan Singa, 11:13
Ikon Allah. Ta 25 ta ce False, ta 587 ta ce True. Amma abin da ya ɗaure mini kai, to me ya sa har ranar Juma'a yake aiki a tsohon?

Injiniyan Saba, 11:16
Domin a tsohon ba 25 ba ce. Wani ya taɓa gyarawa a cikin kwamfutar, bai gyara a littafin ba.

Akantan Singa, 11:20
Haka ne wallahi, yanzu na tuna. Akwai wani ɗan bautar ƙasa da ya yi shekara a wurinmu, yaro mai natsuwa. Wata rana imel ya tsaya, ya zauna ya yi 'yan taɓe-taɓe ya ce an gama. Ban tambaye shi me ya canza ba, shi ma bai rubuta ba.

Yaro Mai Waya, 11:24
To ya sa 465 kawai. Ni duk wayar da na saita wa mutane 465 nake sawa, ban taɓa samun matsala ba.

Ɗan Maraɗi, 11:30
A'a, 587 ita ce ta ƙa'ida. 465 tsohuwa ce, an ma taɓa soke ta, haka aka koya muna.

Injiniyan Saba, 11:41
Ku duka kuna da gaskiya, kowa da zamaninsa. An taɓa janye 465 a ƙarshen shekarun 1990, aka ce a bi 587. Amma mutane ba su daina amfani da ita ba, har a 2018 hukumar da ke tsara ƙa'idojin intanet ta dawo da ita, ta ma fifita ta. Bambancin shi ne, a 465 tun daga sallama a kulle ake magana. A 587 ana fara gaisawa a buɗe, sannan a ce mu kulle, wannan shi ne STARTTLS. Duk biyun suna aiki. Abin da ba ya aiki shi ne haɗa su a gicciye. 465 da SSL/TLS take tafiya, 587 da STARTTLS. Wanda ya sa 465 da STARTTLS zai ga kwamfuta ta yi tsit, kowane ɓangare yana jiran ɗaya ya fara magana. Malam Akanta, tunda mun gwada 587 a buɗe take, ka sa ta da STARTTLS.

Hajiya Mai Biza, 11:45
Tsaya Malam! Kafin ka gyara, ka duba saƙonnin nan 11. Da zarar hanya ta buɗe duk za su fita lokaci guda, ba za su tambaye ka ba. Ni ya taɓa faruwa da ni. Na yi ta sake aika wa wani fasinja jadawalin tafiyarsa ta Umara, ina gyarawa ina sake turawa, ashe duk suna taruwa. Da netwok ya dawo ya karɓi guda 5, biyu da tsohuwar ranar tashi. Bawan Allah ya kira ni cikin dare hankali a tashe, bai san wanne zai bi ba. Ka shiga Send/Receive ka danna Work Offline, ka share wanda bai kamata ya fita ba.

Akantan Singa, 11:58
Hajiya, kin sake cetona. Takardar makarantar nan sau 3 take a ciki, kuma ta farkon da kuskuren farashin buhu, wanda na gyara daga baya. Da ta fita bayan sun karɓi ta gaskiya, ban san bakin da zan yi musu bayani da shi ba. Na share su, saura 8.

Akantan Singa, 12:10
Na sa 587 da STARTTLS. Yanzu ba ya juyi, amma ga sabon abu. Wani allo ya fito yana maganar satifiket, a ciki an rubuta "The target principal name is incorrect", yana tambaya ko in ci gaba.

Yaro Mai Waya, 12:12
Danna Yes Yaya. Kullum haka muke yi.

Injiniyan Saba, 12:20
Kada ka danna tukuna. Ƙanena, wannan ɗabi'ar ce nake roƙon masu gyara su bari. Allon nan yana cewa ne: na nemi wane, wanda ya amsa kuma katin shaidarsa da wani suna. Sau da yawa kuskuren saiti ne, amma ranar da wani ya tsaya a tsakiya yana sauraro, allon da zai fito ke nan, babu bambanci. Wanda ya saba danna Yes ranar ma zai danna, ya miƙa kalmar sirrinsa. Kuma wannan akwati ne da ake tura lambar asusun banki da takardun kuɗi ta cikinsa. Mun sha jin yadda ake shiga imel ɗin kamfani a canza lambar asusu a kan takarda, kwastoma ya biya ɓarawo.

Malam Akanta, danna View Certificate ka gaya mana sunan da ke ciki da ranar ƙarewarsa.

Yaro Mai Waya, 12:24
Oga, ni ban ce ba ka da gaskiya ba. Amma kwastoma yana tsaye a kanka, wasu 4 suna jira, ba ka da lokacin karanta satifiket. Wani ma ba zai biya kuɗin wannan lokacin ba.

Injiniyan Saba, 12:29
Na san wannan matsin, na zauna a shago kafin in shiga ofis. Amma duba, minti 2 ne. Kuma idan ka danna Yes ba ka gyara ba, gobe da ya buɗe Outlook zai sake fitowa, ya dawo maka da ita yana cewa aikinka bai yi ba.

Akantan Singa, 12:36
Na duba. Sunan kamfaninmu ne a ciki, da www, da mail. Babu smtp. Ranar ƙarewa kuma sai wata mai zuwa.

Injiniyan Saba, 12:41
Shi ke nan, lafiyayye ne, sunan da ka kira ne ba ya cikin jerin. Danna No, ka koma ka goge smtp ka sa mail, daidai da na shigowa. Yawancin masu amfani da cPanel, wato manhajar da kamfanonin da ke riƙe shafi da imel suke sarrafa saba da ita, haka suke, suna ɗaya ne na shiga da fita. Idan ka shiga ta burauza ma akwai shafin da ke nuna saitin da kamfanin ya ba da shawara, shi ne hujja, ba littafi ba. Ranar ƙarewa kuma kada ta dame ka, satifiket na kyauta irin na Let's Encrypt kwana 90 yake yi, sabar ce ke sabunta shi da kanta.

Tsohon Hannu Zariya, 12:50
A kan satifiket ɗin nan bari in ƙara abu ɗaya don masu karatu. Ku riƙa duban agogon kwamfuta. Laftof ɗin hannu da muke saye, da yawa ɗan batirin da ke riƙe agogo ya mutu. An taɓa kawo mini wata daga wata makaranta, an yi kwana 3 ana fama da imel, an canza kalmar sirri har sau biyu. Na kalli ƙasan allo ta dama, kwamfuta tana shekarar 2009. A wurinta duk satifiket ɗin duniya lokacinsa bai yi ba. Na gyara kwanan wata, na sa yankin lokaci na West Central Africa, na canza batirin, magana ta ƙare.

Akantan Singa, 12:57
Baba, agogona daidai yake. Injiniya, na canza sunan, allon satifiket ya tafi. Amma saƙon gwaji ya dawo da wannan: "550 SMTP AUTH is required for message submission on port 587".

Injiniyan Saba, 1:00 na rana
Wannan albishir ne, yanzu sabar ce da kanta take maka magana. Ka manta akwatin nan. Outgoing Server, sa alama, ka bar zaɓin farko da ke cewa a yi amfani da saitin shigowa. Kuma tunda kana wurin, ka gyara ta shigowa ma: 143 ba kulle tana nufin tun Asabar kalmar sirrinka a fili take tafiya. Mayar da ita 993 da SSL/TLS.

Ɗan Maraɗi, 1:08
Injiniya, ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana ciki. Ni Gmail ne a Thunderbird, manhajar imel irin Outlook, na sabunta Ubuntu da nake amfani da shi maimakon Windows, yanzu yana ta tambayata kalmar sirri, ina sawa yana ƙi. Ita ce kuma nake shiga da ita a waya.

Injiniyan Saba, 1:17
Taka daban ce. Tun 2022 Google ta daina karɓar kalmar sirri ta yau da kullum daga irin waɗannan manhajoji. A Thunderbird ka shiga saitin asusu, ka gangara can ƙasan jerin hagu, sabar fita tana da wurinta ita kaɗai, shi ya sa mutane ke gyara ta shigowa su manta da ita. Suna smtp.gmail.com, 465 da SSL/TLS, hanyar tantancewa kuma OAuth2. Shafin Google zai buɗe ka shiga a can. Idan na'ura ce da ba ta san OAuth2 ba, kamar firinta mai tura sikan ta imel, sai ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu ka ciro kalmar sirri ta manhaja, mai harafi 16. Yahoo ma haka tsarinta yake. Masu Outlook.com da Hotmail su ma tun Satumba 2024 tsohuwar hanyar ta daina yi.

Ɗan Maraɗi, 1:31
Ya yi! Ashe sabobin fita 2 ne a jerin, tsohuwa ta wurin aikina na da ita ce a sama. Na gode ƙwarai.

Akantan Singa, 1:40
Alhamdu lillahi! Alamomin gwaji biyu duk sun yi kore. Na cire Work Offline, ina kallo Outbox ya sauka daga 8 zuwa babu. Na tura wa kaina a waya, ya shigo. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara ilimi. Na ja layi a kan shafin 2016, na rubuta sabon a ƙasansa da kwanan watan yau, ban da kalmar sirri.

Injiniyan Saba, 1:46
Amin. Ka canza kalmar sirrin ma yau, saboda kwana biyun da ta yi a buɗe. Idan ka canza, ka tuna da wayarka da duk inda aka sa akwatin, don na'urar da ke ta gwada tsohuwar kalma tana iya sa sabar ta toshe ofishinku gaba ɗaya.

Hajiya Mai Biza, 1:50
Kuma don Allah kada a ga laifin mai gyaran nan. Abin da aka ba shi ya sa.

Akantan Singa, 1:55
Ko kusa, Hajiya. Na ma tura masa sabon saitin, domin ranar Asabar mai zuwa kwamfutar Alhaji za a kai masa.

Injiniyan Saba, 2:03
To tsaya, wannan ta fi taka haɗari. Kafin ta bar ofis ka buɗe wurin nan da ka koya yau ka ɗauki hoton kowane shafi. Sannan ka duba nau'in asusun. Kai IMAP ne, saƙonninka suna kan saba, shi ya sa suka dawo da kansu. Idan nasa POP ne, mai yiwuwa saƙonnin shekaru suna cikin fayil ɗaya mai ƙarewa da .pst a kan faifan kawai, babu su a ko'ina. A Data Files za ka ga inda yake. Rufe Outlook kafin ka kwafa.

Akantan Singa, 4:22 na yamma
Injiniya, na jira Alhaji ya fita sallar la'asar na roƙi sakatarensa ya buɗe mini. POP ne. Fayil ɗin gig 9 da ɗoriya, saƙon farko a ciki na 2014 ne, har da takardun filin sito. Na aiki yaro ya sayo faifan waje, yanzu haka yana kwafa, ya kai kashi 30.